Takardar da Nake Yanka wa Malam

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma, sai dai maigidana Malam ya riga ni tafiya. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, don haka surukata, matar babban ɗana, ita ke riƙe da biro ni ina faɗa. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, in kuka ya tare ni ta jira.

Ranar da aka kai shi makwancinsa gidan nan bai ɗauki mutane ba. An shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har bakin layi. 'Yan kasuwar Shasha sun rufe rumfunansu sun zo, direbobin tashar Ojoo sun zo, mata suka cika mini tsakar gida. Wata Iya Bayarabiya mai injin niƙa a unguwar Mokola ta zube a gabana tana dukan cinyarta, tana "Pele o, Mama, pele," ta ce duk lokacin da injinta ya ƙone Malam ke tashinsa, yanzu ina za ta kai shi? Mai shayin bakin layi kuwa ya tsaya bayan labulen zaure ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Inna, yanzu wa zai riƙa bina har gida da amsar sallama?" Matan da ke kuka sai da suka yi dariya, don babu wanda bai san wannan hali na Malam ba a nan unguwarmu ta Sabo.

Auta ce kaɗai ta ware kanta. Ita ce ƙaramar 'yarmu, a Kaduna take aiki, kafin motarsu ta iso an riga an binne shi. Ta zauna kusa da randuna har rana ta faɗi. Da muka keɓe a ɗaki sai ta ce, "Inna, Baba ya tafi da fushina." Washegari yayanta ya ce ta zo su duba kayan shago, tunda ita ta san amfaninsu, ta ce, "Yaya, ya ce kada in sake taka shagonsa, kuma bai janye ba. Ka sayar, ka kyautar, ni dai ba zan shiga ba." Ana gama sadakar uku ta koma. Mutuwa na karɓe ta, don ba ni aka fara yi wa ba. Wannan maganar ta Auta ce ta hana ni barci, domin na san abin da ita ba ta sani ba, shi kuma ya ɗaure mini baki a kansa.

Bari in fara faɗin ko wane ne shi.

Malam naɗin waya ce sana'arsa. Fanka, injin niƙa, injin ruwa, taransifomar rediyo, duk abin da ya ƙone a ciki, shi zai kwance baƙar wayar ya naɗa sabuwa ta jan ƙarfe. Yana da keken naɗi na hannu da yake juyawa, bakinsa na motsi yana ƙirga zagaye. Idan yana ƙirga, ko liman ne ya yi masa sallama ba zai amsa ba, sai dai ya ɗan ɗaga gwiwar hannu. Amma bai taɓa cinye wa mutum sallama ba. Da ya rufe shago da la'asar sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a ƙofar mutum ya ce, "Wa alaikumus salam, ta ɗazu da safe." Ya sha shigo mini tuwo ya huce saboda wanda ya gaishe shi ya hau okada ya tafi Mokola, shi kuma ya bi shi da ƙafa. Na ce, "Malam, ba sai gobe ba?" Ya ce, "Mai hula, wa ya ba ki goben?"

Mai hula yake kirana, saboda ɗinkin hula nake yi a gida tun ina amarya. Shi yana naɗa waya a bakin layi, ni ina zuba zare a tsakar gida. Har gardama muke yi kan wa ya fi wani haƙuri. Yakan ce nawa aikin in na yi kuskure ado ne, nasa in ya yi kuskure hayaƙi ne.

Ba a nan aka haife shi ba. Yana saurayi ya biyo motar albasa daga arewa, ya sauka a Ojoo ba shi da kowa, aka nuna masa hanyar Sabo. Wani Bayarabe ya koya masa aiki. Wannan ogan nasa ya daɗe da mutuwa, amma kusan kullum sai ya shigo hirarmu. A zamaninsu cikin taransifoma ƙarfe ne falle-falle, ana saƙa su a juna, a bubbuga da guduma har su haɗe. Ogan yakan kara kunnensa a jiki, in ya ji yana gurnani sai ya ja kunnen yaronsa ya ce an bar wa iska hanya. Da wannan Malam ya tashi, da shi ya tsufa. Abin da ya fi faɗa ke nan: "In iska ta samu hanya, aiki ya lalace." Ko murfin tukunyata ya gani a karkace sai ya gyara shi kafin ya wuce.

Yana da zafi, ba zan ɓoye ba. Amma akwai shekarar da wata tsohuwa da ke haya a ɗakin baya ta kwanta ciwo a tsakiyar zafi, ba ta da kowa a garin nan. Ya cire fankar ɗakinmu ya kai mata, mu muka yi ta fifita da murfin kwali har ta rasu. Ban ji daɗi ba a lokacin, na kuwa gaya masa. Ya ce, "Ke kina da mai yi miki fifita." Kuma ya yi, har hannunsa ya gaji.

Auta a shagon ta girma. Tun ba ta kai tsayin benci ba take riƙe masa zaren waya. Shi ya tsaya kai da fata sai ta yi karatun lantarki a jami'a, lokacin da 'yan'uwana ke cewa wannan ba karatun mace ba ne. Duk wanda ya zauna a shagon sai ya ji labarin "injiniyata". Shi ya sa abin da ya faru ya yi ciwo haka.

Da aka fara yayin sola a unguwa, da inbata mai juya wutar batir ta zama ta gida, aiki ya canza. Cikin waɗannan babu ƙarfe falle-falle. Wani baƙin abu ne kamar gawayi, mai fashewa kamar tangaran, wai shi farait, Malam dai baƙin dutse yake ce masa. Gida biyu ne, kowanne kamar matsefi mai haƙora uku, ana haɗa su baki da baki waya na tsakiya. Wani mai sayar da ƙanƙara ya kawo inbatarsa da ta ƙone, dutsen ciki ya tsage. Malam ya samo wani daga tsohon kaya, ya naɗa waya daidai da ƙirgan da ya kwance, ya goge bakin duwatsun har suna ƙyalli, ya matse su tsam yadda ogansa ya koya masa. Aka kunna, ta yi aiki, firiza na tashi sai tau, hayaƙi. Ya sake. Ta sake ƙonewa. Ya ƙara matsewa, ya zuba gam. Haka dai. Mai ƙanƙara ya fara zuwa da murya sama, yana cewa kayansa na narkewa.

A lokacin Auta ta zo hutu. Ni tun a madafa ta yi mini bayani ina tuƙa tuwo. Ta ce, "Inna, kin ga tsumman goge-goge? In ya sha ruwa ya ƙoshi, duk abin da kika ƙara zubawa wucewa yake yi. Haka dutsen nan yake da ƙarfin maganaɗisu. Yana ƙoshi sai wuta ta kwararo babu mai tare ta, ta ƙone kayan. In aka bar ɗan gibi tsakanin duwatsun, kamar kaurin takarda, ba ya saurin ƙoshi."

Na ce, "To wannan kwamfutar da kike rungume da ita fa, me ta sani a kai?"

Ta ce, "A ciki nake gina dutsen, in naɗa masa waya, in buɗe gibin, in rage shi, in ga inda zai ƙoshi, ban ƙona wa kowa kaya ba."

Ta juyo mini da ita. Na ga hoton dutsen, tsakiyarsa ja wur, ga wani layi da ya miƙe sama kamar tsani sannan ya kwanta. Ta taɓa wani abu, jan ya koma ruwan ganye, layin ya ci gaba da hawa. Ta ce gibin ma in ya yi yawa wata matsala ce, sai an ƙara waya, wayar da ke kusa da shi kuma ta riƙa zafi. Ban gane duka ba. Abin da na ce mata shi ne, "Ki bari ya shigo ya ci abinci, ki gaya masa a ɗaki."

Ba ta bari ba. Yarinta ce, da ɗokin ta taimaki ubanta. Ban je wurin ba, amma ita ta ba ni labari, matar telan da ke jikin shagon ma ta ba ni. Ta ajiye kwamfutar a kan bencinsa, gaban mai ƙanƙara da tela da mai shayi, ta ce, "Baba, matsewar da kake yi ita ke ƙona ta. Gibi yake so." Mai ƙanƙara ya tafa hannu ya ce, "Ah ah! Oga, ashe pikin ɗinka ya kamata in kawo wa tun farko!" Aka kwashe da dariya. Malam ya rufe kwamfutar da tafin hannunsa. Ya ce, "Tun uwarki ba ta yi hankali ba nake toshe gibi, yau ke za ki ce in bar shi da gangan? Ɗauki abinki. Kada ki sake taka mini shago."

Ta shigo gida. Na ce ta ba shi haƙuri, ta durƙusa ta ba shi, ya ce "Ya wuce" yana kallon bango. Amma maganar shago bai sake tayar da ita ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta gama karatu, ta samu aiki a wani kamfanin sola a Kaduna. In ta kira waya, "Baba, ina wuni?" "Lafiya. Ya aiki?" "Lafiya." "Ga innarki." Shi ke nan. In ta zo Sallah ta bi ta bayan layi don kada ta wuce ta gaban shagon. Ni ina tsakani ina kallonsu, kai ɗaya, taurin kai ɗaya.

Ga abin da ba ta sani ba.

Bayan tafiyarta da 'yan kwanaki, ya shigo cin abincin rana, ya leƙa zaure ya tabbatar babu kowa, ya zaro duwatsun nan daga aljihun rigarsa da wata jar takarda mai tauri da suke rufe waya da ita. Ya ce, "Mai hula, ina ƙaramin almakashinki na zare?" Idonsa ya riga ya fara hazo, hannunsa na ɗan rawa, abin kuma bai fi farcen ɗan yatsa ba. A shago kuwa ba zai iya ba, tela na gefe yana gani.

Na ce, "Me za a yanka?"

Ya ce, "Ki yanka daidai bakin haƙoran nan. Kada ki yi mini tambaya."

Na yanka, na ɗora a kan haƙoran da tsinin allura, ya kifa ɗayan dutsen a kai ya ɗaure. Fuskarsa kamar mai shan maɗaci. Ashe ranar rigimar bai tsaya ya ji kaurin da ta faɗa ba. Falle ɗaya ya sa, inbatar ta ɗan jima ta sake ƙonewa. Na ce, "Malam, waya ce fa a hannunka. Kira ta ka tambaya." Ya ce, "In tambayi wa?" Na ce to ni bari in tambaya kamar da wasa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "In kika gaya mata ban yarda ba." Ya koma ya jibga falle da yawa, abin ya riƙa zafi yana wari. Haka muka yi ta yi, ni ina yanka shi yana gwadawa, abin da yarinyar za ta faɗa masa a numfashi ɗaya. Daga ƙarshe falle biyu suka zauna. Inbatar mai ƙanƙara har yau tana aiki.

Daga nan ya zama aikinmu. Duk wanda ya kawo irin wannan, sai Malam ya shigo da duwatsun a aljihu. Mu zauna a inuwar katanga bayan azahar, gwiwarmu na taɓa juna, ya riƙe ni in yanka. Tun da muka yi aure ba mu taɓa yin aiki ɗaya tare ba sai wannan. Yakan ce, "A hankali, Mai hula, wannan ba hula ba ce." In ce, "Hula ta fi wannan wuya." Wani lokaci ya ɗaga dutsen wajen haske, ya daɗe yana kallon siririn layin takardar, ya girgiza kai ya ce, "Da oga zai tashi ya ganni." Bai taɓa cewa Auta ta yi gaskiya ba. Ban kuma taɓa jin ya ce ta yi ƙarya ba.

Azumin bana na sake tayar masa da maganar. Na ce, "Yarinyar nan tana zagaye layi kamar mai laifi, kai kuma kana nan kana aiki da maganarta." Ya ce, "Ki bar ni da ita. In ta zo Babbar Sallah ni zan yi mata magana da bakina. Ke dai kada ki riga ni." Bai kai Babbar Sallah ba. Ya dawo daga masallaci da asuba ya ce kansa na sarawa, ya kwanta, kafin yayan Auta ya samo keke mai ƙafa uku a kai shi asibiti Allah ya karɓi abinSa.

Bayan an watse gidan ya yi mini faɗi. Ina takaba, ba na fita. Surukata na leƙo ni safe da yamma, Allah Ya yi mata albarka, amma tana da 'ya'yanta da makarantarta. Azahar ce ta fi yi mini wuya. Nakan tsinci kaina na share inuwar katangar nan na shimfiɗa tabarma, sai in tuna babu mai shigowa. Da na zo ninke rigarsa sai na ji nauyi a aljihu. Duwatsu biyu ne da wayarsu a naɗe, na inbata ta biyu da mai ƙanƙara ya kawo, saura takarda kawai. Na zauna da su a cinyata na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na riƙa tunani: ya ce kada in riga shi. To yanzu da ba zai zo ba fa? In na yi shiru yarinyata za ta ɗauki wannan abu har nata kabarin. In na yi magana na taka kalmar mamaci.

Auta ta dawo sadakar arba'in. Yayanta ya riga ya yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su kwashe shagon, har da keken naɗi. Ya sake ce mata ta duba ko akwai abin da take so, ta sake cewa a'a.

Da aka yi azahar baƙi suka ragu, na kira ta inuwar katanga. Ban ce mata komai ba, don magana ya hana ni. Na fito da duwatsun, na fito da jar takardar da almakashina. Na yanka daidai bakin haƙoran, na ɗauka da tsinin allura na ɗora, falle ɗaya, sannan na biyu a kai. Na miƙa mata ɗayan dutsen na ce, "Riƙe mini, ke kika fi ni ido."

Ba ta karɓa ba. Tana kallon hannuna. Ta ce, "Inna, wa ya koya miki wannan?"

Na ce, "Ni da ban san alif daga sanda ba, wa kike tsammani?"

"Tun yaushe?"

"Tun ba ki gama kwance jakarki a makaranta ba, waccan shekarar."

Ta ɗauki dutsen ta juya shi, ta duba naɗin, ta shafa takardar da yatsa. Ta ce, "Biyu yake sawa?" Na ce biyu, amma sai da ya ƙona wasu kafin ya gano, don ya ƙi kiranki. Wani sauti ya fito mata, ban san ko dariya ce ba. Sai ta kama hannuna ta ce, "Inna, ki ce mini ya yafe."

Wallahi na so in ce eh. Kalma ɗaya ce. Amma na ce, "Ban ji da kunnena ba, ba zan ɗora masa magana yana kabari ba. Ya ce in kin zo Babbar Sallah shi zai yi miki magana da bakinsa. Abin da zai ce, ya tafi da shi. Ni abin da hannuna ya yanka kawai na sani."

Kaji suka zo suna tsattsagar guntayen takardar na kore su. Can ta kifa dutsen a kan ɗan'uwansa, ta matse da yatsu biyu, ta miƙe. Ta ce, "Gam da abin gwaji suna ina?" Na ce inda ya saba ajiye su, ni ban taɓa shiga ba. Ta leƙa zaure ta ce, "Yaya, ba ni makullin."

Ban iya bin ta ba, iyakata ƙofar zaure. Na tsaya bayan labule na kasa kunne. Ƙofar shagon ta ƙarfe ce, gindinta na jan ƙasa, sai an ɗaga an tura da kafaɗa. Na ji ƙarar kwaɗo, na ji ƙofar ta yi kukanta, sannan muryar mai shayi daga nesa, "Injiniya, sannu da zuwa!" Na koma na zauna a kan tabarmar ni kaɗai, na tattara sauran takardar a tafin hannuna.

Ya Allah, bawanKa ne mai zafi da taurin kai, amma bai taɓa kwana da sallamar wani ba. Abin da ya yi niyyar faɗa bai samu faɗa ba, Ka rubuta masa kamar ya faɗa. Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sanyaya shi, Ka ba ni haƙurin azahar har ranar da zan bi shi.